Dillali Kan Ajiye Sana'a, Ba Ya Ajiye Shaida

A ƙasar Zakka da Safana da Batsari, kamar sauran karkarar Katsina, ba a neman izinin kowa kafin mutum ya fara dillancin gona ko fuloti ko gida. Duk wanda ke da waya da babur da bakin magana, ya kuma san wanda talauci ko rabon gado ya matsa wa ya sayar, ya zama dillali ke nan. Haka kuma ba a sanar da kowa ranar da ya bari. Wani tsufa ke zaunar da shi, wani ya koma fataucin hatsi, wani 'yan bindiga suka kore shi zuwa Katsina ko Dutsin-Ma ko Maraɗi, wani kuwa ɓarna ya tafka ya sulale. Su huɗun nan matsayinsu ɗaya a wurin hukuma, domin ba ta rubuta shigarsu ba balle fitarsu. Masu kiran a yi wa dillalai lasisi sukan tsaya a kan sharuɗɗan shiga: wa ya cancanta, nawa zai biya, wace takarda zai nuna. Tarihin sana'ar a ƙasar Hausa yana nuna cewa yadda ake barinta ya fi haka muhimmanci. Izinin dillali abu biyu ne a haɗe, ikon ƙulla sabon ciniki da nauyin amsa tambaya a kan wanda ya riga ya ƙulla. Na farkon yana iya tsayawa ko ya ƙare. Na biyun bai kamata ya sauka daga wuyan mutum ba muddin yana da rai, kuma ya kamata a tanadi inda zai koma bayan ransa. Magabata sun san wannan a kasuwar tufa da ta shanu, amma ba a taɓa shimfiɗa shi a kan cinikin ƙasa ba, kuma akwai dalilin tarihi da ya hana.

Shaida mafi daɗewa da ta fito fili ita ce ta kasuwar Kano. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya shiga birnin a farkon 1824, ya tarar da kasuwa mai sarki da ke raba rumfuna yana lura da ciniki, ya kuma rubuta wata ƙa'ida da ta ba shi mamaki. In aka sayi riga ko turkuɗi a Kano aka tafi da ita Barno a ƙunshe, can aka buɗe aka ga aibi, sai a mayar da ita, domin ana rubuta sunan dillalin da ya yi cinikin a cikin ƙunshin. Shi dillalin ne zai nemo mai kayan, shari'ar gari kuma ta sa a mayar wa mai saye kuɗinsa. A duba abin da wannan ƙa'ida ta ƙunsa. Tafiya daga Kano zuwa Barno da dawowa a wancan zamani aikin watanni ne, ke nan la'adar dillali ta daɗe da ƙarewa a cefane kafin ƙorafi ya iso. Duk da haka ba wanda ya ce masa ciniki ya wuce. Ba a kuma ɗora masa biyan kuɗin daga aljihunsa ba. Abin da aka ɗora masa shi ne ya san wanda ya ba shi kaya, ya kuma iya fito da shi ko bayan wane lokaci ne. Sunan nan da ke cikin ƙunshi shi ne lasisin, kuma amfaninsa na bayan ciniki ne. A masarautun Hausa masu sana'a suna da shugabanni, Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera da Sarkin Dillalai, waɗanda ke tara harajin sana'a suna sasanta rigima, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a bincikensa na ƙasar Zazzau da ya fito a 1955. Wanda bai da gindin zama a wurin sarkin sana'arsa ba ya samun kayan da zai riƙe.

Kasuwar shanu da goro ta ƙara wa tsarin wani mataki. Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, da Polly Hill, wadda ta rubuta a kan masu masauki da dillalai a Afirka ta Yamma a 1966, duk sun nuna cewa dillali ba ya tsayawa shi kaɗai. Yana ƙarƙashin maigida ne, mai masaukin da ke saukar da falke, ya ajiye masa kuɗi, ya kuma tsaya a kan bashin da mahauta ke ɗauka. In mahauci ya ci shanu bashi ya gudu, falke ba ya bin dillali lungu-lungu, maigida yake fuskanta. Saboda haka maigida ba ya sakin kayan baƙonsa sai ga yaron da ya yarda da shi, kuma ranar da suka raba gari, dillancin yaron ya tsaya cak har sai ya sami wani ubangidan da zai lamunce shi. Ba a kore shi daga sana'a ba, iliminsa na nan, sunansa na nan, amma ba shi da ikon karɓar kaya. Matsayin dakatawa ke nan tun kafin wani ofishi ya ba shi suna. Abin lura shi ne rabuwar tasu ba ta shafe cinikin da aka yi jiya ba. Bashin da aka ci ta hannun yaron yana nan a wuyan gidan da ya yi wa aiki, falke kuma ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Me ya sa gona da gida ba su shiga wannan tsari ba? A yammacin Katsina amsar na farko ita ce ƙasa ba ta yi tsadar da za ta ciyar da dillali ba. Bayan jihadi, da sarakunan Haɓe na Katsina suka koma arewa suka kafa Maraɗi, ƙasar Ruma da dazuzzukan da ke yamma da ita suka zama bakin daga tsawon ƙarni na 19. Mutane suka taru a garuruwa masu ganuwa da gindin duwatsu, daji ya cinye gonaki da yawa, kamar yadda Yusufu Bala Usman ya bi diddigi a tarihin Katsina da ya wallafa a 1981. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutane, ƙasa kuwa ga ta nan. Baƙon da ke son noma mai gari yake zuwa wa da gaisuwa, a nuna masa daji ya sare. Malaman daular Sakkwato sun yi rubutu a kan hukuncin wannan. Abdullahi ɗan Fodiyo yana da littafi mai suna Ta'alimur Radi a kan yadda mutum ke samun haƙƙi a mataccen fili ta hanyar raya shi. A al'ada kuma an san gonar da ake nomawa, an san saura wadda mai ita ya bari ta huta amma tana nan tasa, an san wadda ta koma daji har mai gari zai iya ba wa wani. Akwai aro da jingina da kyauta da gado, kowanne da hukuncinsa. Rajistar duk wannan tana cikin kan mai gari da masu unguwa da maƙwabtan iyaka, kuma ta isa, domin mutanen na zaune wuri guda, ɗa yana jin abin da uba ya shaida.

Zuwan Turawa a 1903 ya kawo zaman lafiyar da ta sa aka fantsama cikin daji, amma ya kawo wata fahimta da ta toshe hanyar tsara dillancin ƙasa. Gwamna Percy Girouard ya sa aka kafa kwamitin filayen Nijeriya ta Arewa wanda ya zauna a Landan a 1908, ya saurari razdanoni irin su H. R. Palmer da ya yi aiki a Katsina da C. L. Temple. Kwamitin ya tsaya a kan cewa al'adar Arewa ba ta san mallakar ƙasa irin ta mutum guda da zai sayar yadda ya so ba. A kan haka aka kafa dokar filaye ta 1910, aka sabunta ta a 1916, wadda ta sa ƙasa duka a hannun Gwamna a matsayin amana, talaka kuma yana da haƙƙin zama da amfani. Dokar ta yi wani alheri da bai kamata a manta ba, domin ta hana kamfanoni da baƙi sayen ƙasar Arewa yadda aka yi a Kenya da Rodeshiya. Sai dai ta haifi wata matsala: hukumar da ta ce ba a sayar da ƙasa ba za ta iya ba wa wani lasisin dillancinta ba. Ciniki kuwa bai jira ta ba. Polly Hill ta zauna a Batagarawa, kudu kaɗan da birnin Katsina, a 1967, littafinta Rural Hausa na 1972 kuma ya nuna sayar da gonakin da ake zuba wa taki abu ne da aka saba, galibi daga hannun matalauci zuwa na mai hali. Dokar filaye ta 1962 ta gwamnatin Arewa ta gaji ruhin ta 1910 ba tare da ta canza wannan ba. Aka wayi gari En'e na da sarkin kasuwa da ke sa ido a kan mai sayar da akuya, mai shiga tsakani a cinikin gonar marayu kuwa babu wanda ya san da zamansa a takarda.

Shekarun 1970 sun raba sana'ar gida biyu. A 1969 masu ilimin kimanta gidaje da filaye suka kafa ƙungiyarsu ta NIESV, a 1975 kuma gwamnatin soja ta fitar da doka mai lamba 24 da ta kafa hukumar ESVARBON domin yi musu rajista. Wannan rajista ta masu digiri ce da difloma, masu ofis a Legas da Kaduna da Kano, tana da jarrabawa da hatimi da kwamitin ladabtarwa da zai iya soke sunan mutum. Shekara guda bayan haka, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya zare ikon mulki daga hannun sarakuna da hakimai. Sannan a ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa, wadda ta danƙa filayen birni ga gwamnan jiha, na karkara kuma ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da haƙƙin zama na gargajiya, har fili mai faɗin hekta 500 don noma da 5,000 don kiwo. Dokar ta ce ba a sauya hannun irin wannan haƙƙi sai da amincewar hukuma, kuma an dasa ta cikin tsarin mulki har zuwa na 1999. A aikace, wanda ke sayar da gona a ƙauyen Zakka ba ya zuwa sakateriyar Safana neman amincewa. Ana taya, a yi albarka, a ƙara, a sallama, a ba da kafin alƙalami, a rubuta takardar ciniki, mai unguwa da dagaci su sa hannu, dillali ya karɓi la'adarsa. Dagacin da doka ta rage wa iko shi ne har yanzu hatiminsa ke kwantar da hankalin mai saye, ƙwararren da doka ta sani ba ya zuwa ƙauye, dillalin da ke yin aikin kuma ya faɗa tsakani babu mai riƙe da shi.

Tsawon shekaru wannan giɓi bai yi ɓarna mai yawa a karkara ba, saboda sanin juna yana toshe shi. Abubuwa uku suka kwance wannan sani. Na farko yawan jama'a: ƙidayar 2006 ta ba Safana kimanin mutum dubu 184, Batsari kimanin dubu 209, kuma kowane rabon gado yana ƙara tsinka gona. Na biyu kuɗin birni: ƙirƙiro jihar Katsina a 1987 da buɗe jami'ar tarayya a Dutsin-Ma a 2011 sun sa gonakin bakin hanya sun zama fulotan awon igiya, masu saye kuma ma'aikata ne da 'yan kasuwa da ba su san maƙwabtan iyaka ba, dillali kaɗai suka sani. Na uku, wanda ya fi duka, tashin hankalin da ya taso daga dajin Rugu. Ƙauyuka sun tashi, harin Tsauwa da Dankar a Batsari a Fabrairun 2020 ya ci rayuka masu yawa, a 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka kuma katse layin waya a ƙananan hukumomi 13 har da Batsari da Safana. Mutanen da ke neman kuɗin fansa ko na haya a inda suka yi gudun hijira sun sayar ko sun jinginar da gonaki cikin gaggawa, sau da yawa nesa da gonar, a gaban shaidun da ba su taɓa taka iyakarta ba. Masu unguwa sun watse, dattawa sun rasu a baƙon wuri, dillalai da yawa sun bar sana'ar ba da niyya ba. Rajistar da ke cikin kawunan mutane ta watse tare da mutanen.

A nan ne duba abin da wasu ƙasashe suka yi ke da amfani. Jihar Kalifoniya a Amurka ta fara dokar lasisin dillalan gidaje a 1917, kotu ta rushe ta, aka sake kafa wata a 1919, sauran jihohi suka bi. A yawancinsu ƙaramin dillali ba ya aiki sai a ƙarƙashin babban dillali mai lasisi, kuma in suka rabu lasisinsa yakan koma matsayin dakatacce: sunansa na cikin rajista, amma ba zai nuna gida ko ya karɓi la'adar sabon ciniki ba har ya sami wani. Jihar Fulorida ta bambanta wanda ya dakata da kansa da wanda sakacin sabunta lasisi ya dakatar, kuma na biyun in ya wuce shekara 2 a haka lasisin ya mutu. Duk wanda ya san tsarin maigida da yaronsa a kasuwar kara zai gane fuskar wannan doka. Ingila ta bi wata hanya dabam: dokarta ta 1979 ba ta neman lasisi kafin a fara, amma ta ba hukuma ikon haramta wa mutum sana'ar in ya ci amana, ana kuma ajiye sunayen waɗanda aka haramta wa. A gida, Legas ta kafa hukumar LASRERA mai yi wa dillalai rajista, dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 kuma ta sa masu harkar gidaje da filaye cikin waɗanda sashen SCUML na EFCC ke sa wa ido. Duk waɗannan an gina su ne domin birni mai banki da lauya. Abin ɗauka a cikinsu guda ne: jama'a su iya bambanta mai aiki da wanda ya dakata da wanda aka kora.

Abin da ya dace da ƙasa irin Zakka rajista ce mai sauƙi da ke zaune a ofishin hakimi, kwafinta a sashen filaye na ƙaramar hukuma, tunda doka ita ta ba ikon filayen karkara. Sharaɗin shiga kada ya zama takardar makaranta. Ya zama mutum biyu masu gida da gona a gundumar da za su tsaya masa, da littafin ciniki da zai riƙa rubuta wanda ya sayar, wanda ya saya, maƙwabtan iyaka huɗu, shaidu, da ko cinikin sayarwa ce ko jingina ko aro, da boko ko da ajami. Wanda ya tashi dainawa, ko don tsufa ko tafiya ko hijira, ya miƙa littafinsa, a rubuta shi a matsayin wanda ya dakata, a sanar a masallacin Juma'a da ranar kasuwa. Daga ranar ba ya karɓar kafin alƙalami, ba ya cin la'ada, amma in alƙali ko hakimi ya kira shi a kan cinikin da ke cikin littafin, zai zo. In ya dawo, masu tsaya masa su sabunta lamuninsu, ya ci gaba. Wanda aka kama ya sayar da fili ɗaya ga mutum biyu kuwa, sunansa ya koma shafi na uku, na waɗanda aka kora, kada a bar shi ya fake da cewa hutu ya tafi. Rashin wannan bambanci yana cutar da na kirki fiye da kowa, domin dattijon da ya ajiye sana'a da mutuncinsa da ɗan ka-yi-na-yi da ya gudu da kuɗin mutane a yau duk "ba ya nan" ake ce musu.

Nauyin maganar zai fi bayyana a kotu. Kotunan shari'a na Arewa suna aiki da ƙa'idar hauzi ta mazhabar Malikiyya: wanda ya riƙe ƙasa shekara 10 yana amfani da ita kamar tasa, mai ita na nan yana gani bai yi magana ba kuma babu abin da ya hana shi, da'awar mai ita ta raunana, tsakanin dangi kuma wa'adin ya fi haka tsawo sosai. Malamai sun ware wanda ba ya nan da wanda tsoro ya rufe wa baki, sun kuma ce riƙon aro da jingina ba ya zama mallaka komai daɗewa. To, rikicin yammacin Katsina ya haura shekara 10. Duk lokacin da hanya ta buɗe mutane suka koma, alƙali zai fuskanci mai cewa "jingina na ba ka" da mai cewa "saya na yi", da magada mata da aka sayar da rabonsu ba su sani ba, da abokin tarayya mai neman haƙƙin shuf'a. Mutumin da ya fi kowa sanin abin da aka faɗa ranar cinikin shi ne dillali. Ayar bashi a Suratul Baƙara ta yi umarni da rubutu da kafa shaidu, ta hana shaidu ƙin amsa kira, ayar da ke bi mata kuma ta hana ɓoye shaida. Ke nan nauyin da ake magana a kai addini ya riga ya ɗora shi. Abin da ya rage shi ne a san inda mutumin yake da inda rubutunsa yake.

Akwai masu cewa duk wata rajista a ƙasar nan hanyar karɓar kuɗi ce, kuma talakan da ke neman na cefane da dillanci shi zai sha wahala, manya su mamaye sana'ar. Tsoron yana da tushe, har a Amurka masana tattalin arziki sun daɗe suna sukar lasisin sana'a da cewa yana kare na ciki yana tsadar da aiki. Amma sukar tana kan tsauraran sharuɗɗan shiga ne, jarrabawa da kuɗi mai yawa da takardun makaranta. Tsarin da sharaɗinsa lamunin maƙwabta ne da littafi na 'yan nairori bai rufe wa kowa ƙofa ba sai wanda ya rasa mutum biyu da za su amince da shi a garinsu, irin wannan kuwa bai kamata a ba shi amanar gonar marayu ba tun farko. Zaman dakatawa ma ya kamata ya kasance kyauta, domin in aka sa masa kuɗin shekara kamar yadda ake yi a wasu jihohin Amurka, ba wanda zai zo ya miƙa littafinsa, kowa zai sulale kamar yadda ake yi yanzu.

Wasu kuma za su ce an ba kura ajiyar nama, tunda an sha zargin wasu masu sarauta da hannu a cinikin filayen makiyaya da burtali da na al'umma. Amsar ita ce hatiminsu ya riga ya hau kan takardun ciniki ko da rajista ko babu, kuma a yanzu babu kwafin da wani zai duba. Littafin da ke wuri biyu, wanda alƙali zai iya nema kuma mai saye zai iya gani, yana ɗaure mai sarauta fiye da yadda yake ƙara masa iko. Ƙwararru masu rajistar ESVARBON su ma suna iya cewa wannan halatta 'yan ka-yi-na-yi ne. Kimanta gidan da banki zai karɓa jingina ko lissafin diyyar da gwamnati za ta biya aikinsu ne, ba mai jayayya. Sai dai shekara 50 bayan dokarsu, cinikin gonar ƙauye bai zo hannunsu ba, la'adarsa ma ba za ta biya musu kuɗin mota ba. Dokar da ta ce su kaɗai za su yi, sakamakonta shi ne a ci gaba da yi babu doka. Akwai kuma masu ganin cewa taswirar kwamfuta da takardar mallaka, irin waɗanda Abuja da Kaduna da Kano suka kafa wa hukumomi, za su wadatar. Na'ura tana auna faɗin gona daidai, amma ba ta san ko wanda ya kawo ta rajista saya ya yi ko aro aka ba shi ba. In aka shigar da ƙarya cikinta, ƙaryar ce za ta sami hatimin gwamnati.

Saura ƙorafi guda da ya fi sauran ƙarfi: waɗanda suka riga suka watse fa, rajistar gobe me za ta yi musu? Ba za ta dawo da wanda ya rasu ba, kuma cinikin da aka yi da baki a tashar mota wani ba zai taɓa warwaruwa ba. Wannan ne ma dalilin da ya sa aikin ya kamata ya fara daga tsofaffin dillalai kafin sababbi. Hakiman Zakka da Safana da Batsari da dagatansu sun san waɗanda suka yi shekaru suna wannan sana'a, sun kuma san garuruwan da suka koma. A neme su, a rubuta su a matsayin waɗanda suka dakata, a zaunar da kowanne da malamin da zai ɗauki bayanin cinikin da ya tuna, gona-gona, a gaban wanda ya sayar ko magadansa in suna kusa. Aiki ne na takarda da biro da kuɗin mota, kuma ƙaramar hukuma na da hurumin yin sa a ƙarƙashin dokar 1978 ba tare da jiran Abuja ba. Kowace shekara da aka jinkirta, adadin masu iya ba da wannan shaida raguwa yake, adadin gonakin da za a yi shari'a a kansu kuma ƙaruwa yake, kuma yankin da ke ƙoƙarin fita daga rikicin daji ba zai iya ɗaukar rikicin iyaka tsakanin maƙwabta a kansa ba.